Tallafin kare daji da wuraren shaƙatawa: wa zai biya mai gadi in kuɗin sun ƙare?

Baban Zara:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar neman tallafi. Na duba sharuɗɗan wasu asusun da ke ba da kuɗi don kare gandun daji da gina wuraren shaƙatawa na jama'a, sai na ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Za su ba ka kuɗin sayen fili, da shinge, da dashen itatuwa, da benci da lilon yara. Da ka gangaro kan albashin mai gadi, ko mai ban ruwa, ko gyaran famfo in ya lalace, sai ka tarar an rubuta ƙarara cewa ban da wannan. Abin ya ɗaure min kai. Ina amfanin dasa itace dubu in ba a tanadi wanda zai ba su ruwa a shekara ta huɗu ba? Rowa ce, ko akwai hikimar da ban gano ba?

Akanta:
Wa alaikumus salam Baban Zara. Lissafi ne kawai. Mai ba da tallafi yana da wa'adi, galibi shekara 3 zuwa 5, kuma shi ma akwai waɗanda yake yi wa bayani. Hekta nawa aka saya, itace nawa aka dasa, duk ana iya ƙirgawa a sa a rahoto. Albashi kuwa ba ya ƙarewa, ranar da ya fara biya ya ɗaura wa kansa nauyin da ba ranar saukewa. Sannan suna tsoron in suka ɗauki albashi, hukumar da wurin ke hannunta ta zare nata hannun ta kai kuɗinta wani wuri. Shi ya sa da yawansu ke cewa sai ka kawo naka kason kafin su saki nasu.

Kawu Ado:
Akanta, duk wannan dogon turanci ne. Ba wanda ake gayyata da makaɗa ya yanke kyalle don an gyara famfo. A nan maganar ta tsaya.

Akanta:
Kawu, ban musa ba. Har da wannan.

Ɗan Gandu:
Bari in faɗa muku yadda abin yake in an zo ƙasa, don na yi aikin gadin daji a ƙarƙashin irin wannan shiri. Lokacin da kuɗi ke gudana an kawo mana mota sabuwa fil da tambarin masu tallafi a ƙofa, an ba mu oba-oba, da takalma, da tanti. Mafarauta da masu saran itace suka ja baya, don sun san kowane lokaci muna iya ɓullowa. Da wa'adi ya cika aka yi taro, aka miƙa mukullin mota ga hukuma, aka tafa. Ba a daɗe ba kuɗin mai ya tsaya. Taya ta fashe ba a sauya ba. Ƙarshe motar nan a kan duwatsu ta kwana a gindin wata bishiya, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Batiran oba-oba suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Muka koma sintiri da ƙafa, kuma mafarauta sun riga kowa sanin iya nisan da ƙafa ke kai mutum ya dawo kafin duhu. Sayen doki ba wuya, harawar kullum ita ce aikin.

Maman Khalil:
Allah sarki. Ɗan Gandu, to su masu tallafin ba su dawo sun duba ba?

Ɗan Gandu:
Maman Khalil, a takardarsu aiki ya kammala cikin nasara. Kuma ba ƙarya suka rubuta ba, ranar da suka rufe littafi komai yana aiki.

Barista:
Akwai wani tsari a Amurka da ya kamata a duba, don ya nuna ƙarfin abin da rauninsa a lokaci guda. A 1964 suka yi dokar da ta kafa asusun kare ƙasa da ruwa, wanda ake kira LWCF. Daga baya aka jingina shi da kuɗin da kamfanoni ke biya na haƙar mai da gas a teku, har dala miliyan 900 a shekara. Hujjarsu ita ce, in ana cinye wata dukiyar ƙasa da ba ta dawowa, a mayar da wani abu cikin wadda za ta dawwama. Jiha ko gari in yana son tallafin, yawanci shi zai kawo rabin kuɗin aikin.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na lauya shi ne sharaɗin da ke biye da kuɗin. Duk filin da aka saya ko aka gyara da wannan tallafi, ya zama wurin shaƙatawar jama'a har abada. In gari ya so ya mayar da shi wani abu, sai da amincewar gwamnatin tarayya, kuma sai ya kawo wani filin da darajarsa da amfaninsa ba su gaza na farkon ba. Ko da kuɗin da aka ba ka kaɗan ne, igiyar da suka ɗaure filin da ita ba ta tsinkewa.

Raunin kuma shi ne shekara da shekaru majalisarsu ba ta sakin miliyan 900 ɗin cif, ana karkatar da sauran. Sai a 2020 aka yi dokar da ta wajabta sakin kuɗin gaba ɗaya kowace shekara.

Auta:
Yaya Barista, to su ai masu kuɗi ne, ba su da matsalar gyara ko?

Barista:
Auta, suna da ita har wuya. Kafin dokar 2020 ɗin, gyare-gyaren da suka taru wa hukumar gandunan ƙasarsu sun kai kusan dala biliyan 12: hanyoyi, gadoji, bututun ruwa, gidajen ma'aikata. Dole cikin dokar aka ware har dala biliyan 1.9 a shekara na tsawon shekara 5 don rage irin wannan tarin kawai, a gandunan da sauran filayen gwamnatin tarayya. Ƙasar da ta kafa gandun dajin Yellowstone tun 1872 ke nan. Saye da ƙaddamarwa sun fi gyara farin jini a ko'ina.

Hajiya Kulu:
Ni fa ku yi haƙuri, ina da ja tun daga tushe. Garin da asibitinsa ba magani, makarantarsa ba rufi, a ce za a nemo tallafi a shuka furanni? In mai ba da kuɗi yana da tausayi, ya san inda zai kai su.

Maman Khalil:
Hajiya, da girmanki, amma ba furanni ake magana ba. Yaron da ba shi da filin wasa a titi yake wasa, tsakanin motoci. Unguwar da aka shafe ta da siminti kaf ta fi mai itatuwa zafi, kuma ruwan sama in bai sami ƙasar da zai nutse ba ɗakunan mutane yake shiga. Dajin da ke saman kogi shi ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta cike madatsar da gari ke sha. Birnin New York ya zaɓi ya kashe kuɗi wajen sayen filaye da kare dazuzzukan Catskill inda ruwansa ke fitowa, don ya guje wa gina matatar da za ta ci biliyoyi. Mai kuɗi yana da lambu a gidansa. Filin jama'a na wanda ba shi da tsakar gida ne.

Hajiya Kulu:
Na ji, 'yata. Na yarda da batun ruwa. Amma sau nawa ake gina wurin a unguwar marasa tsakar gidan? A inda manya ke wucewa ake ginawa.

Injiniya:
Hajiya ta taɓo wurin da ke ciwo. Ku dubi Central Park, babban filin shaƙatawar da ke tsakiyar New York. Bayan birnin New York ya shiga matsin kuɗi a 1975, wurin ya lalace, ciyawa ta zama ƙura, gine-gine suka cika da zane-zane. A 1980 aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta ta riƙa tara gudummawa, kuma yau ita ke samar da mafi yawan kuɗin kula da wurin. A 2012 mutum ɗaya, John Paulson, ya ba ta dala miliyan 100. Kowa na kawo wannan misali a ce ga mafita. To amma su wa ke zagaye da filin? Attajiran da darajar gidajensu ke hawa in wurin ya yi kyau. Ƙaramin fili a unguwar talakawa a birnin guda ba shi da maƙwabcin da zai rubuta cek. In aka bar kula da wuraren jama'a ga kyautar masu hali, kyautar unguwarsu take tsayawa.

Haka ma gasar neman tallafi. Garin da ke da ma'aikacin da ya iya rubuta takardar nema, kuma yake da rabin kuɗin da zai ajiye, shi ke ci. Wanda ya fi buƙata ko fom ɗin ba ya iya kammalawa.

Malam Isiya:
Tunda an ambaci Central Park, a ƙara da cewa akwai mutane a wurin kafin a yi shi. Wata unguwa ce mai suna Seneca Village, yawancin masu filayenta baƙaƙen fata ne, da coci-cocinsu da makaranta, aka tashe su a 1857. Yellowstone ma ƙabilun asali suna farauta da zama a yankin tun kafin a shata shi. A 1959 aka fitar da makiyayan Masai daga gandun Serengeti zuwa yankin Ngorongoro, kuma har yau rigimar filin ba ta mutu ba a Tanzaniya. Ni duk lokacin da na ji an ce an sami tallafin kare hekta kaza, tambayata ta farko ita ce wa ke kiwo a wurin, wa ke noma, wa ke ɗiban itace da magani. A taswira fili ne fayau, a ƙasa kuwa da wuya ka sami inda ba mai shi.

Yanzu ga yarjejeniyar da ƙasashe suka amince da ita a Montreal a Disamban 2022, cewa a kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030. An rubuta mutunta haƙƙin mazauna a ciki, gaskiya ne. Amma in kuɗi suka zo da gaggawar cika adadi, na san wanda za a fara taka wa ƙafa.

Ɗan Gandu:
Malam, ban ƙi taka ba, amma a ji ta ɓangarenmu ma. A gandun Zakouma na Chadi giwaye sun haura 4,000 a farkon shekarun 2000, zuwa 2010 saura kimanin 450. Mahaya dawakai da bindigogi ne suka ƙarar da su saboda haure. A shekarar ce aka damƙa gudanar da wurin ga ƙungiyar African Parks, aka gyara albashi da sadarwa da sintiri, kisan ya kusa tsayawa, giwaye suka koma haihuwa. Kuma da jini aka biya. A Satumbar 2012 maharba suka afka wa masu gadi shida suna sallar asuba a wani sansani a wajen gandun. In ba kuɗin da ke zuwa a kan kari, wa zai tsaya wa irin wannan aiki?

Malam Isiya:
Allah ya jiƙansu da rahama. Amma ƙungiyar da ka ambata ita da bakinta ta amsa a 2025 cewa an ci zarafin 'yan ƙabilar Baka a gandun da take gudanarwa a Kongo Brazzaville. Bindigar da tallafi ya saya ba ta bambance maharbin giwa da mai neman zuma in ba a sa ido ba. Na fi son tsarin Namibiya. Dokar 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon kafa yankunan kariya nasu, su ci moriyar namun dajin da ke ƙasarsu. Yau sun haura 80, kuma sun mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Wanda giwa ke kawo wa kuɗin makarantar ɗansa ba sai an ɗauko masa mai gadi daga nesa ba.

Baban Zara:
Na ƙaru ƙwarai. To amma har yanzu, akwai wanda ya warware batun kuɗin shekara ta huɗu ɗin nan?

Akanta:
Akwai hanyoyin da aka gwada, kuma wasu sun yi aiki.

Ɗaya ita ce asusun waƙafi: a zuba tallafin a jari, ba a taɓa uwar kuɗin, ribar kawai ake ci a biya albashi da gyara. Matsalarta sai uwar kuɗin ta yi kauri sosai. In ana cire kashi 4 ko 5 cikin ɗari a shekara, wurin da ke cin dubu ɗari yana buƙatar a ajiye masa miliyan 2 ko fiye. Masu tallafi da yawa ba sa son ganin kuɗinsu a kwance haka.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Brazil. Shirin ARPA na kare yankunan dajin Amazon ya fara a 2002. A 2014 masu tallafi suka haɗa dala miliyan 215 a asusu guda da za a ci cikin shekara 25, don kula da hekta kusan miliyan 60. Sharaɗin shi ne kason masu tallafi yana raguwa a hankali, na gwamnati yana ƙaruwa, har ta ɗauki nauyin duka. In gwamnati ba ta cika nata ba, ana iya riƙe kuɗin. Butan ta yi irinsa da kimanin dala miliyan 43 na shekara 14. Wato tun ranar farko an zauna an lissafa har kuɗin man mota na shekaru masu zuwa, ba a sa hannu ba sai da aka ga inda kowane kaso zai fito.

Kosta Rika kuma cikin gida ta nema. Tun 1997 take biyan masu filaye don su bar dajinsu a tsaye, kuma babban tushen kuɗin wani kaso ne na harajin man fetur. Ƙasar da ta yi asarar daji mai yawa zuwa shekarun 1980, yau sama da rabinta daji ne.

Kawu Ado:
Ka ga ta ƙarshen nan ita ce magana. Kuɗin waje yana da mai shi, kuma mai shi yana da siyasarsa. Asusun Amazon da Norway da Jamus ke zubawa ya daskare a 2019 saboda saɓani da gwamnatin shugaban Brazil na lokacin, Bolsonaro, bai farfaɗo ba sai 2023. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi a ƙasashen waje, USAID, ayyukan kare daji da ke jingine da ita a ƙasashe da dama suka wayi gari ba kuɗi. Ba laifin da mai gadin dajin ya yi, zaɓe aka yi a wata nahiya.

Auta:
Kawu, to batun yafe bashi don a kare muhalli fa? Na ji ana yabonsa.

Akanta:
Bari in amsa a madadin Kawu, Auta. Abin ya fara a Bolibiya a 1987, inda wata ƙungiya ta sayi bashin dala 650,000 a kan dala 100,000 ta yafe, ƙasar kuma ta ɗauki alkawarin kare wani yanki. Ya girma sosai tun daga nan. A 2023 Ekwado ta sake sayen bashinta na kusan dala biliyan 1.6 a kan rahusa, da alkawarin zuba kuɗi kowace shekara don tsibiran Galapagos. Alherinsa shi ne kuɗin na zuwa shekara bayan shekara na dogon lokaci. Sai dai in ka ji biliyan kada ka ɗauka duk daji za su, abin da ke isa can ƙasa da dala miliyan 20 ne a shekara. Bankuna da masu inshora da lauyoyi ma suna da rabonsu. Barista, ban da kai.

Barista:
Ai ko ni ne ba zan ƙi ba, Akanta.

Hajiya Kulu:
Me zai hana a sa kuɗin shiga kawai? Mai son shaƙatawa ya biya, a biya mai gadi da shi.

Maman Khalil:
Hajiya, a babban gandun da baƙi ke zuwa kallon namun daji, na yarda. Ko shi ɗin ma mun ga abin da ya faru a 2020 da korona ta tsayar da tafiye-tafiye, gandunan da suka dogara da kuɗin ƙofa suka rasa na albashi. Amma a filin unguwa? Uwa mai yara biyar ta biya wa kowanne kafin ya hau lilo? Ke da kika ce ba a gina wa talaka, ranar da aka kafa teburin tikiti an kore shi ke nan.

Hajiya Kulu:
To a bar ƙofa kyauta, a ba da hayar rumfuna da wurin taro.

Injiniya:
Wannan yana aiki in an sa iyaka a rubuce. In ba haka ba rumfa ɗaya ta zama goma, wurin taro ya ci filin ƙwallo, shekara kaɗan sai ka ga kasuwa ce mai bishiya biyu. Kuma tun wajen zane ake rage wahalar gobe. Maɓuɓɓugar ruwa mai inji da fitilu masu launi su ke fara mutuwa. Itatuwan da suka saba da ƙasar wurin, waɗanda in sun kafu ba sa neman ban ruwa, da benci na kankare, da hanya mai magudana, su ke kai labari. Sai dai ɗan kwangila ba ya samun komai a irin wannan, shi ya sa ba a son sa.

Barista:
Baban Zara, in za ku nema, kafin batun albashi ma ku tabbatar da takardar filin. Wa ke da mallaka, kuma an rubuta a cikinta cewa ba za a sauya masa amfani ba? Na ga inda aka kashe tallafi aka ƙawata wuri, ƙawar ce ma ta jawo idon masu son filin. A 1989 an so a gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru na Nairobi, da goyon bayan jam'iyya mai mulki. 'Yar fafutukar kare muhalli Wangari Maathai ta kai ƙara, kotu ta yi watsi da ƙarar, aka yi mata ba'a a majalisa. Abin da ya ceci filin shi ne hayaniyar da ta tayar har masu zuba jarin waje suka janye. Ba kowane fili ne zai sami mace irinta ba, don haka a ɗaure shi da doka tun kuɗi suna hannu, lokacin da hukuma ke son a ga sunanta a allo.

Sannan ku nemi hukumar ta sa hannu a yarjejeniyar kulawa mai adadi, kaza a shekara, daga layi kaza na kasafi. "Za mu kula da shi" ba alkawari ba ne a gaban alƙali.

Akanta:
Kuma ƙananan ƙungiyoyi su duba shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda ke gudana tun 1992 ta hannun UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A shekarun baya an daɗe ana ba da har dala 50,000 kai tsaye ga ƙungiyoyin al'umma. Ko a nan ku tambaya ko za a yarda wani kaso ya tafi ga abin da zai riƙa kawo kuɗi, kamar wurin renon dashe da za a riƙa sayarwa.

Kawu Ado:
Duk na ji. To in an tara asusun kulawar, wa zai riƙe shi? In hukuma ce, ran da albashin ma'aikatanta ya makale da shi za ta fara. In shugaban ƙungiya ne, kun san sauran.

Akanta:
Sa hannu uku Kawu: hukuma, ƙungiya, da wakilin mazauna unguwa. Ba a cire ko sisi sai biyu sun yarda, kuma a liƙa bayanin kuɗin a ƙofar wurin duk wata shida.

Kawu Ado:
In biyun suka haɗa baki fa?

Ɗan Gandu:
Kawu, a sa mai gadin a cikin masu sa hannu. Shi ne in kuɗin sun ɓace zai fara kwana da yunwa.

Barista:
A'a Ɗan Gandu, wanda ake biya daga asusu ba ya sa hannu a kansa, duk mai binciken kuɗi zai yi fatali da wannan. A ba shi kujera a kwamiti da ikon ganin takardar banki, wannan zan iya rubuta muku shi.